Biya ɗaya, suna biyu: yadda yuro 1,000 ya jawo ƙarin dala 177 a kan katin bashi

Matar da wannan nazari ya shafa tana da ƙaramar sana'ar gyaran rubutu ta intanet, kuma ta ɗauki wani mai zanen shafukan intanet da ke zaune a wata ƙasar Turai domin ya gina mata shafin da za ta riƙa tallata aikinta. Sun yi ciniki a kan yuro 1,000, za a biya duka kafin a fara aiki, shi kuma ya miƙa shafuka biyar cikin mako shida. Da dalar Amurka ake lissafin katin bashinta, iyakar abin da za ta iya ci a kansa dala 8,000 ne, kuma shekara da shekaru ba ta taɓa biyan ko sisin kwabo na kuɗin ruwa ba, domin ta ba banki umarnin ya riƙa cire dukan bashin wata daga asusunta a ranar da wa'adi ya cika. An sakaya sunanta da na bankin da na dandalin biyan kuɗin da ta yi amfani da shi. An kuma ɗauki farashin canji a kan dala 1.10 ga yuro ɗaya, ma'ana ainihin darajar aikin dala 1,100 ne, domin a iya bin lissafin ba tare da wahala ba.

Da za a biya, mai zanen ya roƙe ta alfarma ɗaya. Dandalin yana ba mai turawa zaɓi biyu, wato ko ya ce kuɗin na sayen kaya ko aiki ne, ko ya ce aike ne zuwa ga aboki ko ɗan'uwa. A zaɓin farko dandalin zai yanki kimanin kashi 4 cikin 100 daga hannun mai karɓa, abin da ya kai yuro 40 ko dala 44. A na biyu kuwa mai karɓa zai sami kuɗinsa cif. Ya nemi ta zaɓi na biyun, ita kuma ta ga ba wani abu ba ne. Duk abin da ya biyo baya, in ban da matsalar adireshi da ta canji, daga wannan zaɓi ya fito.

Gwaji uku da suka faɗi

A gwajin farko ta shigar da lambar katin, bankinta ya aiko mata da lambar sirri ta waya ƙarƙashin tsarin tantancewa na 3-D Secure, ta shigar, sai dandalin ya ce biyan bai yiwu ba. Ta sake dannawa nan take, aka sake ba ta amsa iri ɗaya. Dalilin shi ne ta sauya gida wata huɗu kafin nan, ta sanar da banki, amma tsohon adireshinta ne ke rubuce a asusunta na dandalin. A ƙasashe irin su Amurka da Kanada da Birtaniya, ana kwatanta lambar gida da lambar gidan waya da mai biya ya bayar da waɗanda banki ya adana. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, banki yana iya amincewa da kuɗin ya riƙe su, sannan ya sanar da dandalin cewa adireshi bai dace ba, dandalin kuma ya ƙi kammala cinikin. A idon mai biya, biyan ya faɗi. A littafin banki kuwa, an keɓe kuɗin ana jiran a zo a karɓa. Ta haka riƙo biyu na dala 1,178.32 kowanne suka zauna a kan katinta, jimilla dala 2,356.64, alhali mai zanen bai ga ko yuro ɗaya ba.

Ta gano matsalar adireshin, ta gyara, ta gwada karo na uku. Wannan karon bankin ne da kansa ya ƙi, da hujjar cewa ta wuce iyaka.

A nan ne, a ganina, lamarin ya ba ta damarta mafi kyau, kuma ta kuɓuce mata. Wanda ke da iyakar dala 8,000, aka riƙe masa abin da bai kai dala 2,400 ba, bai kamata a ce masa ya wuce iyaka ba. Sai dai katin bashi iyaka biyu gare shi, babba ta sayayya da ƙarama ta rancen tsabar kuɗi, kuma tata ƙaramar dala 2,500 ce. Ƙin da bankin ya yi shaida ce ƙarara cewa a ma'aunin rancen tsaba yake auna wannan biya. Ta kira bankin, ma'aikacin ya tabbatar mata cewa ba a cire mata kuɗi sau biyu ba, riƙo ne na wucin gadi da zai sauka da kansa cikin 'yan kwanaki, kuma gaskiya ya faɗa. Hankalinta ya kwanta, ba ta tambaye shi wace iyaka ce ta wuce ba, shi ma bai ƙara komai ba. Irin wannan riƙo yakan sauka cikin mako guda, ko da yake wani lokaci yakan kai kwana 30. Nata ya sauka bayan kwana shida, ta sake turawa, kuɗin suka tafi.

Abin da fuskar dandalin ta nuna da abin da ta ɓoye

Kafin ta danna amincewa, dandalin ya nuna mata jimillar dala 1,178.32, kuma ya bayyana cajin kashi 3 cikin 100, wato dala 34.32, saboda ta yi amfani da katin bashi. Wannan caji ba baƙon abu ba ne a harkar. Manhajojin tura kuɗi na Amurka, Venmo da Cash App, alal misali, suna karɓar kashi 3 cikin 100 daga wanda ya tura wa mutum kuɗi da katin bashi, alhali turawa daga asusun banki kyauta ce. Dalilin kuwa a fili yake: duk wanda ya karɓi biya ta kati sai ya biya bankin da ya bayar da katin wani kaso. A Tarayyar Turai dokar 2015 ta ƙayyade wannan kaso a kashi 0.3 cikin 100 ga katin bashi na ɗaiɗaikun masu saye da kashi 0.2 ga katin cirar kuɗi, a Amurka kuwa babu irin wannan ƙayyadewa ga katin bashi, shi ya sa kason ya fi tsada nesa ba kusa ba. Idan ciniki ne, ɗan kasuwa ke ɗaukar nauyin. Idan aike ne tsakanin abokai, babu ɗan kasuwa, sai nauyin ya faɗo kan mai turawa. Abin da alfarmar mai zanen ta fara yi ke nan: ba ta kashe cajin ba, ta dai sauke shi daga kafaɗarsa ta aza a tata.

Caji na biyu yana cikin jimillar, amma ba a kira shi caji ba. Dandalin ya canza mata yuro zuwa dala a kan 1.144 maimakon 1.10, wato ya ɗora ribar kashi 4 cikin 100 a cikin farashin canjin kansa, abin da ya zama dala 44. Mai kallon fuskar manhaja lamba ɗaya kawai yake gani, kuma in bai buɗe wani shafi ya duba farashin kasuwa na wannan rana ba, ba shi da abin da zai kwatanta da ita. A ƙasan lambar akwai ɗan rubutu mai ba da damar a bar canjin a hannun bankin da ya ba da kati, inda za a caje ta da yuro, Visa ko Mastercard su canza a farashinsu, wanda yawanci yana kusa ƙwarai da na kasuwa. Ba a kowane hali ne wannan zaɓi ya fi arha ba, domin katuna da yawa suna ɗora cajin mu'amala da ƙetare wanda kan kai kashi 3 cikin 100, wasu ma suna ɗora shi ko da da kuɗin gida aka caji mutum, muddin a ƙasar waje aka sarrafa biyan. Katinta dai ba shi da wannan caji ko kaɗan, dalilin ma da ya sa ta zaɓe shi tun farko ke nan. Ta biya dala 44 don aikin da katinta zai yi mata kusan kyauta, kuma abin da ya ja ta shi ne kwanciyar hankalin ganin jimilla da kuɗin da ta saba lissafi da shi.

Sunan da banki ya ba biyan

Kowane biya da aka yi da kati yana isa banki ɗauke da lamba mai alƙaluma huɗu da ke nuna rukunin sana'ar mai karɓa, bisa ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 18245. Shagon kayan masarufi 5411 ne, na'urar cirar kuɗi 6011, kamfanin aika kuɗi 4829, wuraren canji da sayar da abubuwan da ke daidai da tsaba kuwa 6051. Banki ba ya ganin hirar da mutum ya yi da wanda ya ɗauka aiki, ba ya ganin takardar yarjejeniya. Lambar yake gani da alamomin da ke tare da ita. Da ta zaɓi sayen aiki, da biyan ya isa a matsayin sayayya. Da ta zaɓi aike, sai ya isa a matsayin tura kuɗi, kuma yarjejeniyar katinta ta lissafa tura kuɗi zuwa ga mutum cikin abubuwan da ake ɗauka tamkar an je na'ura an ciri tsaba. Bankuna sun bambanta a kan wannan, wasu suna ɗaukarsa sayayya, wasu rance, kuma banki ɗaya yana iya sauya matsayinsa ya sanar a takardar sabunta sharuɗɗa wadda ba kowa ke karantawa ba. Dandalin ba shi da iko a kan hukuncin, shi ya sa iyakar abin da yake yi shi ne ya rubuta gargaɗi da ƙananan haruffa cewa mai yiwuwa banki ya ɗora nasa cajin.

Rancen tsaba yana zuwa da abubuwa uku a tare. Akwai caji nan take, wanda a katinta kashi 5 cikin 100 ne, wato dala 58.92, kuma an lissafa shi a kan dukan dala 1,178.32, har da cajin dandalin da ribar canjinsa. Akwai kuɗin ruwa mafi tsada fiye da na sayayya, nata kashi 29.2 cikin 100 a shekara, wato kashi 0.08 a kowace rana. Na uku shi ne mafi nauyi ga mutum irinta: babu kwanakin sassauci. A sayayya, wanda ya biya dukan bashinsa kafin wa'adi ba ya biyan ruwa ko kaɗan, kuma da wannan ƙa'ida ne masu gudun kuɗin ruwa, ko don tattali ko don aƙida, suke iya riƙe katin bashi. A rancen tsaba ruwa yana fara hawa daga ranar da aka yi biyan. A kan dala 1,237.24, kusan dala ɗaya ke nan a kowace rana.

Takardar lissafin wata ta rufe a rana ta 18 bayan biyan, ta nuna cajin da kuma ruwan dala 17.82. Ba ta buɗe ta ba sai ana saura kwana uku wa'adi, domin ta dogara da umarnin da ta ba banki na biya da kansa. Umarnin ya yi aikinsa a rana ta 40, ya biya duk abin da takardar ta nuna. Amma ruwan kwana 22 da ke tsakanin rufe takarda da ranar biya bai shiga wannan takarda ba, sai a ta wata mai zuwa ya bayyana, dala 21.78, a lokacin da ta ɗauka magana ta ƙare. Ɗabi'ar da ta kare ta shekaru, wato jira har ranar wa'adi, ita ce a nan ta ninka mata ruwan fiye da sau biyu. Da ta lura a ranar farko, da ta tura wa katin kuɗi nan da nan ba tare da jiran takarda ba. Ko a nan ma akwai wani sharaɗi: a Amurka dokar katin bashi ta 2009 ta wajabta wa banki ya kai abin da ya haura mafi ƙarancin biya, wato mafi ƙanƙantar adadin da dole mai kati ya biya kowane wata, zuwa bashin da ya fi tsadar ruwa, amma shi mafi ƙarancin biyan banki yana da 'yancin kai shi kan bashi mai arha. Wanda ke da sayayya da rancen tsaba a kan kati ɗaya, sai ya biya fiye da adadin rancen kafin ya tabbata ya kashe shi.

Idan aka tara, canji dala 44, cajin dandali dala 34.32, cajin rance dala 58.92, ruwa kimanin dala 39.60, ƙarin ya kai kusan dala 177 a kan aikin dala 1,100, wato kashi 16 cikin 100. In aka cire kuɗin canji, wanda kuskure ne mai zaman kansa, sauran dala 133 duk kuɗin da ta biya ne domin mai zanen ya tsira da dala 44. Da ya ƙara yuro 40 ɗin a kan farashinsa ta biya a matsayin ciniki, da kowannensu ya fi samun sauƙi.

Lokacin da aikin ya tsaya

Mai zanen ya miƙa shafuka uku cikin biyar, sannan ya daina amsa saƙo. Bayan wata biyu ta shigar da ƙorafi a dandalin, aka amsa mata cewa kariyar mai saye ba ta shafi aike tsakanin abokai ba. Wannan ma ƙa'ida ce sananniya: PayPal, alal misali, yana ba mai saye har kwana 180 ya buɗe ƙorafi a kan abin da bai iso ba, amma ga biyan da aka yi a matsayin sayayya kawai, kuma sharuɗɗansa sun hana mai sayarwa neman a biya shi ta hanyar aiken abokai.

Sai ta koma wurin banki, domin abin da ya sa mutane ke fifita katin bashi a intanet shi ne damar a janyo musu kuɗinsu idan ciniki ya lalace. Ƙa'idojin Visa da Mastercard suna ba da kimanin kwana 120 a yawancin irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, dokar Amurka ta 1974 kan kurakuran lissafin bashi ta ba da kwana 60 daga ranar da aka aika takardar da ke ɗauke da kuskuren, a Birtaniya kuma sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa mai ba da kati alhaki tare da mai sayarwa a cinikin da ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000. Duk waɗannan kariya suna tambayar abu ɗaya: wa aka biya, kuma don me? A littafin bankinta dandalin ne aka biya, aikin da aka biya shi ya yi kuwa shi ne kai kuɗi ga wani mutum, ya kuma kai. Babu kuskure a lissafi, babu kayan da bai iso ba, ita ce kuma ta tabbatar da biyan da lambar sirrinta. Ko a sayayya ta gaskiya, shigar dandali tsakanin mai saye da mai sayarwa yana iya raunana kariyar sashe na 75, domin dokar tana neman alaƙa kai tsaye tsakanin mai bashi da banki da mai sayarwa. A aiken abokai kuwa ba a ma kai ga wannan muhawara ba. Bankin ya rufe ƙorafin.

Ba na ganin adalci ne a ɗauki mai zanen a matsayin ɗan damfara. Roƙon da ya yi, masu aikin ƙashin kai da yawa suna yinsa, kuma galibinsu ba su san abin da yake jawo wa ɗaya ɓangaren ba, tun da takardar bankin abokin ciniki ba ta zuwa hannunsu. Haka kuma ba za a ce dandalin ko bankin sun saɓa wa abin da suka rubuta ba. Inda tsarin ya gaza shi ne kowannensu rabin farashin yake nunawa. Dandalin ya san nasa cajin, ya faɗa kafin a danna. Bankin ya san nasa, amma sai bayan an danna yake faɗa. Babu fuska ɗaya da mai biya zai kalla ya ga dala 177 a dunƙule. Haɗa rabin biyun aikin mai kati ne, kuma ana yinsa ne da tambaya ɗaya ga banki kafin babban biya, wato ko tura kuɗi ga mutum ta wannan dandali sayayya ce ko rancen tsaba, ko kuma da gwajin ɗan ƙaramin adadi a duba sunan da zai fito da shi a lissafi, tare da sanin cewa katuna da yawa suna da mafi ƙarancin caji, sau da yawa dala 10, ko da abin da aka tura bai kai haka ba.

Yadda aka ƙare

Ta rubuta wa bankin tana neman sassauci, ta kafa hujja da tsawon shekarun da ta yi ba ta taɓa makara ba. Bankin ya maido mata da dala 58.92 na cajin rance, ya bayyana cewa alfarma ce ta sau ɗaya ba haƙƙi ba, ya kuma bar ruwan a kanta. A wannan kiran ne ta nemi a rage iyakar rancen tsaba a katinta zuwa mafi ƙanƙantar abin da bankin ya yarda da shi, ta yadda duk biyan da zai shigo da wannan suna za a ƙi shi tun a ƙofa maimakon a karɓa a caje ta. Ta kunna saƙon faɗakarwa ga kowane motsi a katin, ta daidaita adireshinta a duk dandalin da ta ajiye lambar katin, ta kuma sauya tsarin canji a asusunta zuwa na bankinta. Aiken kuɗi ga mutanen da ta sani ta mayar da shi kan asusun banki, ta bar katin bashi ga sayayya kawai.

A wata na huɗu mai zanen ya sake bayyana, ya ba da uzurin rashin lafiya, ya ce ba zai iya kammala aikin ba, ya maido da yuro 300. Tun da biyan farko ba ciniki ba ne, babu hanyar mayar da kuɗin kan katin ta inda suka fito, don haka sabon aike ya yi, kuɗin suka sauka a asusunta na dandalin da yuro. Kafin ta iya kwashe su zuwa bankinta sai da aka canza su zuwa dala a farashin dandalin, domin a wannan ɓangare babu zaɓin barin canjin ga kati. A farashin kasuwa yuro 300 dala 330 ne; abin da ya shiga asusunta dala 316.80 ne.